Katangar da Muka Rage

Kun gani, ku mutanen layinmu. Da rana tsaka aka yi, a ƙofar gidan da katangarsa ba ta wuce ƙugun mutum ba, kuma ina kallon labulayen benayenku suna motsi. Da 'yan sanda suka zo, kowa ya ce barcin rana yake yi. To, tunda barci kuke, bari in gaya muku abin da aka yi wa yayana Rafid.

Kakanmu ya gina gidan nan a Bagadaza tun ƙarshen mulkin sarauta, lokacin da ake yayin gida shimfiɗaɗɗe mai manyan tagogi da bangon siminti mai huda-huda don iska. Ya yi katangar gajera da gangan, don mai wucewa ya ga lambun, su gaisa. A shekarun yaƙi babanmu ya ɗora mata bulo har ta fi mutum tsawo, ya kafa fasassun kwalabe a kai, kamar yadda kowa ya yi. Da ya rasu muka koma haya, gidan ya zama na ɓeraye. Bara muka dawo, ni da Rafid da mahaifiyarmu. Ni na karanta zanen gini, shi malamin lissafi ne, muka ce da hannunmu za mu gyara.

Muka kankare tsohuwar kwaltar rufi muka zuba sabuwa. Muka durƙusa muna goge daɓe har 'yan duwatsun nan kore da ja suka fito. Rafid ya cire tsatsar ƙarafan tagogi, ya saka gilashi da kansa, yana tsokanata.

"Injiniya Wijdan, takardar digirin taki ba ta iya ɗaukar bokiti ne?"

"Malam, kai da ka auna tagar nan da ido ka yanko gilashin da bai shiga ba?"

Aiki na ƙarshe shi ne katanga. Ni na kawo shawarar a mayar da ita yadda kaka ya bar ta. Mama ta ajiye kofin shayinta.

"Ku bar katangar nan. A garin nan ba a tuɓe wa gida riga."

"Mama, yaƙi ya ƙare," in ji Rafid, ya ɗauki guduma.

Bai gama sauke rabin bulon ba sai ga Abu Samir, dillalin da ya sayi gidajen layin nan da dama, ya datsa kowanne ya mai da shi kurkukun siminti marar bishiya ko ɗaya. Shekara da shekaru yana wucewa, bai san girman filinmu ba sai da muka buɗe masa ido. Ya shigo, aka ba shi shayi, yana kurɓa yana auna lambun da kallo, daga dabino zuwa bishiyar lemo.

"Masha Allah, ɗana. Duk wannan fili na mutum uku da tsuntsaye? Ka sayar mini, ka huta da ƙura."

"Baffa, ƙurar muke so."

"Ku na wane dangi ne?"

"Na Bagadaza."

Abu Samir ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. "Bagadaza ba ta zuwa zaman sulhu, ɗana."

Bayan 'yan kwanaki wani ɗan ƙanensa, ƙato mai suna Dargam, ya zo ya jingina da katangar daidai inda Rafid yake dukan bulo. Rafid ya ce ya matsa, ya ƙi. Wani ɓaraguzi ya faɗo ya ƙuje masa ƙauri, ƙujewar da ba ta kai ta yaro a filin ƙwallo ba. Ya shafa jinin, ya ɗaga yatsa ya nuna wa layin, ya tafi.

Washegari bayan azahar wata motar a-kori-kura cike da dangin Dargam ta tsaya a ƙofa. Kun san al'adar dangi idan suka ce an zubar da jinin ɗansu, ba sai na koya muku ba. Suka buɗe wa gidan wuta. Gilashin da Rafid ya saka ya zubo kamar ruwan sama, na danne Mama a bayan firij tana salati, harsashi yana tsinke filasta a kanmu. Da suka gama, ɗaya ya sauko da gwangwanin jan fenti ya rubuta a katangar: ANA BIN GIDAN NAN JINI.

Gidan da aka rubuta wa haka, ba mai saye, ba mai haya, ko mai gyaran famfo ba ya shiga, sai dattawan dangi sun zauna sun yanke. Mu ba mu da dattijon da zai zauna mana, kuma mun san abin da za a yanke: gidan, ga Abu Samir.

Rafid ya share gilashin, ya tsaya yana kallon rubutun. A wurinsa ƙazanta ce a bangon da ya sha wahala a kai. Ya ɗauko farin fenti da buroshi ya shafe. Hajiya Ummu Sarmad, maƙwabciyarmu da ta yi goyonmu muna yara, ta leƙo ta ce da muryar raɗa, "Rafid, ba a gogewa! Duk danginsu ka mara!" Ta rufe ƙofa, na ji ta sa sakata.

Fentin bai bushe ba suka dawo. Suka tsallako katangar kamar masu haye kwata. Dargam ya fizge buroshin, ya cusa wa Rafid a baki.

"Malam mai fenti, da wanne hannu ka goge?"

Biyu suka riƙe shi, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan katangar. Gudumarmu suka ɗauko, wadda muka bari a cikin baro. Dargam ya ɗaga ya sauke. Na ji ƙarar ƙashin tun kafin ihun Rafid. Ya sake ɗagawa. Na fito da cebur na maka masa a kafaɗa da dukkan ƙarfina, gudumar ta faɗi, wani ya shaƙo ɗankwalina ya buga kaina da ƙyauren ƙarfe, jini ya rufe mini ido ɗaya. Da ɗayan idon na ga Abu Samir a cikin motarsa, ya sauke gilashi yana jan carbi. Na kuma ga tagoginku, ɗaya bayan ɗaya, na kira sunayenku. Mama ce kaɗai ta fito, ba takalmi, tana taka ragowar gilashi.

Likita ya ce yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasawa ba. Rafid yana koyon riƙe alli da hagu. Jan rubutun ya dawo kan farin fentin, ya fi na farko girma. Mama ta ce ko dai mu sayar, ko mu sake ɗora bulo. Rafid ya ce daga kan gado, "Injiniya, idan kika ɗora bulo ko ɗaya, da hannun nan zan sauke shi."

Ba za mu sayar ba, kuma ba za mu ɗora ba. Doka ta haramta harbin gida da sunan dangi, mun kai ƙara, amma mai bincike ya ce sai da shaidar wanda ba ɗan gida ba. Ku da kuka yi makaranta, kuke zama a gidan shayi kuna kukan yadda aka lalata birnin nan, kuna tsammanin tsawon katangarku zai hana Abu Samir leƙowa?

Ranar Juma'a bayan masallaci zan fito da farin fenti in shafe rubutun nan. Ni kaɗai, hannuna za su karya. Layi gaba ɗaya kuwa ya fi ƙarfin guduma ɗaya. Hajiya Ummu Sarmad, Baffa Nazar mai kantin magani, ke malamar da ke benen kusurwa, da kai mai karanta wannan kana cewa ba da kai ake ba: ku zo, kowa da buroshinsa. Ranar Lahadi kuma, da an buɗe ofisoshi bayan hutun mako, ku bi ni wurin mai bincike, ku faɗi abin da kuka gani.