Gyaran da Ba a Sa Shi Ba

Tun da matarsa ta ga ya ɗauki filaya ya nufi ɗakin Auta, ta ce masa, "Malam, kar ka taɓa mata kaya. Wannan hannun naka mai ƙaiƙayi zai ja mana magana."

Bai saurare ta ba. Mai gyaran wuta ne, bai iya ganin waya a cukurkuɗe ya wuce ba. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta cika ɗakinta da tsofaffin kwamfutoci, suna ta gurnani, ga zafi kamar gidan burodi. Abin da ya tsone masa ido wayar intanet ce. Maimakon ta tafi kai tsaye, sai ta shiga wani ɗan baƙin akwati, ta zagaya bayan tebur, sannan ta isa kwamfutocin. Akwatin ya yi zafi rau, shi kuwa gobara yake tsoro. Ya zare shi, ya miƙe wayar, ya kafe ta a bango tsaf.

Da Auta ta dawo daga makaranta, sai ta yi turus a bakin ƙofa.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun safe. Kin ga aiki, ba irin taliyar da kika dafa a bayan tebur ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta fizge filogi, ɗakin ya yi tsit, sannan ta zauna a ƙasa ta faɗa masa. Ita da waɗansu mutane da ba ta taɓa gani ba suna tattara hotunan ɓaraguzan jirage marasa matuƙa da sojoji ke kai hari da su a ƙauyuka, su gano wanda ya ƙera su, su wallafa. Da sunan bogi take rubutu. Akwatin nan ne ke ɓoye gidan da saƙonninta ke fitowa. Tun safe kwamfutocin suke aikawa, ba abin da ya rufa musu asiri.

Ya ce, "Ai da kin faɗa mini, Auta."

"Da na faɗa, da ka bar ni na yi?"

Ya san da ta faɗa, da kansa zai kwashe kayan ya kai wa masu sayen ƙarfe.

Washegari ya raka ta tasha, ta tafi wurin goggonta a wani gari. Ya so ya ba ta haƙuri, ya kasa, sai ya ɓige da cewa ta riƙe jaka da kyau.

Bayan 'yan kwanaki wani mutum mai gogaggiyar riga ya zo shagonsa, wai fankarsa ta lalace, amma bai zo da fanka ba. Ya tambayi farashi, ya tambaye shi ko yara nawa gare shi, ya tafi.

Har yau Malam bai san ko mutumin mai fanka ne da gaske ba, bai san ko wani ya gano gidan ba, Auta kuma ba ta faɗi ranar da za ta dawo ba.