Tagar da Baba Mai Walda Ya Liƙe

Duk unguwar an san hannun Baba mai walda. In ya haɗa ƙarfe da ƙarfe, aure ne babu saki. Masu waldar bakin titi sukan ɗiga nan su ɗiga can, su lulluɓe ha'incin da fenti, ranar da ka jingina da ƙofar ta biyo ka. Shi kuwa sai ya kankare tsatsa tas, ya fere bakunan ƙarfen biyu, ya daidaita wutar injin da kunnensa, domin a cewarsa walda mai kyau ƙararta irin ta mai ce a kasko. In ya gama ya ɓare ɓawon da 'yar guduma ya duba ɗinkin, ya ga rami ko da na bakin allura ne, yankewa yake yi ya sake. Ga shi da faɗa kamar me, idanunsa kullum jajir saboda shekarun kallon wuta, amma kowa wurinsa yake kawo aiki.

Yana da doka guda a kan ƙarafan taga. Tsakanin rodi da rodi yatsu huɗu ne, don kada kan yaro ya shige. Kuma kowane gida sai ya bar taga ɗaya da 'yar ƙofa mai kwaɗo, makullin a rataye daga ciki. Mai gida ya so ko ya ƙi. Yakan ce, "Ɓarawo na hana shiga, ban ce masu gida kada su fita ba."

Haka ya yi wa gidan Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke aure layi biyu daga shagonsa. Rodi mafi kauri ya zaɓa mata, ya sa aka binne ƙafafunsa cikin kankare, ya bar 'yar ƙofar a tagar uwar ɗaka.

Ta nan ɓarayi suka shiga. Sun fasa kwaɗon wata rana da ba kowa a gida, suka yi musu ƙarƙaf. Auta tana da tsohon ciki a lokacin, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Barci ya ƙaurace mata. Mijinta ya zo shago ya durƙusa ya roƙa a liƙe 'yar ƙofar da walda, Baba ya ce a'a, zai dai yi wa kwaɗon gida na ƙarfe. Sai ita ta zo da kanta, tana tafe tana dafe ƙugu.

"Baba, don Allah ka liƙe ta. Ko ɓera ya motsa sai in ji gabana ya faɗi."

"Ke Auta, ba a rufe gida ruf. Ni na san abin da nake faɗa."

Ba ta yi musu ba, hawaye kawai ta bari suka zubo. Mutumin da ya kori manyan 'yan kwangila a kan wannan doka, ga shi ya kasa da 'yarsa. Ya tura injinsa a amalanke ya tafi. A hanya ya ƙudurta ɗan ɗigo biyu zai yi, wanda ido zai ga an liƙe amma ƙafa ɗaya ta ɓalle shi in ta ɓaci. Da ya sauke baƙin gilashi a fuska ya kunna wuta, sai ɗigon ya yi masa muni. Aikin ganin ido a gidan 'yarsa? Hannun da bai saba da rabin aiki ba ya ci gaba da tafiya, ya zagaye 'yar ƙofar kaf da ɗinki mai kyau, ya ɓare ɓawo, ya shafa da yatsa. Har daɗi ya ji.

Auta ta haihu mace. Baba ya sa mata "amaryata", yana tsokanarta wai ta zo ta tarar da miji duk ƙonuwa a hannu.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, yana tsugune yana haɗa ƙafar gado, mai tiredan layin su Auta ya faɗo shagon ba ko takalmi.

"Baba, gobara! Gidan Auta! Suna ciki ita da jaririya!"

Baba ya miƙe zumbur. Ya san an ɗauke wutar layin, injin yanka ba zai yi ba. Ya jefa tukwanen gas a amalanke da bututunsu ya tura da gudu, tsoho da shi, ƙirjinsa kamar zai fashe.

Wutar daga silin falo ta tashi, ta tare ƙofar fita. Mijin yana wurin aiki. Mutane sun yi dafifi a bayan gidan, wasu na watsa ruwa da bokiti, wasu na dukan bango da guduma, kankaren yana mayar musu. Wani direban tifa ya ɗaura sarƙa a ƙarfen tagar ya ja da motarsa. A gaban idon Baba sarƙar ta tsinke, ƙarfen ko gezau.

Auta tana riƙe da rodin, jaririyar a ƙirjinta cikin jiƙaƙƙen zane, hayaƙi na fitowa ta saman kanta.

"Baba."

"Ga ni, Auta. Ja baya, ki durƙusa ƙasa, ki juya mata baya saboda tartsatsi."

Mutane suka hau ihu a janye gas daga kusa da wuta. Ko kallonsu bai yi ba. Ya kunna, ya murɗa har harshen wutar ya koma shuɗi. Bai taɓa ɗinkinsa ba, ya san nan ne ya fi ko'ina tauri; rodin ya nufa. Ƙarfe ba ya jin roƙo, sai ya yi ja kafin ya yanku, kuma wannan mai kaurin ne da ya zaɓa da hannunsa. Ya yanke ƙasa, ya yanke sama, aka fizge guntun da filaya. Ya cire rigarsa ya naɗe bakin yankan mai zafi.

"Miƙo ta!"

Ta miƙo. Jaririyar ta fito da ƙyar, tana tari tana tsala kuka, wata mata ta karɓe ta. Kafar ta ishi jaririya, ba ta ishi uwa ba. Saura rodi biyu.

"Auta, yi mini magana. Kina ji na?"

"Ina ji, Baba."

Ya kama na biyu. Hayaƙi ya rufe masa ido, da ƙara yake gane inda wutarsa take. Gashin hannunsa ya babbake bai sani ba. Na biyu ya faɗi. Ya sake kira, ya ji tari daga ƙasa. Yana tsakiyar na uku ya kira, ba a amsa ba. Ya kira ta da sunan da rabonsa da faɗa tun tana goye, shiru.

Da na ukun ya faɗi, wani saurayi ya kutsa ya jawo ta. Wuta ba ta taɓa ko gefen zanenta ba. Hayaƙi ne ya riga su. Baba ya zauna daɓas a ƙasa, 'yar ƙofar tana rataye a samansa, ɗinkin nan lafiya lau, ko tsagewa bai yi ba.

Masu gaisuwa suka yi ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ya amsa musu da kai. Shi dai ya san ɗigo biyu ya yi niyya, kuma baƙin cikin wannan bai bar shi ya runtsa ba.

Da ya koma buɗe shago, hannuwansa a naɗe, sai ga mai tiredan nan. Ya yi gaisuwa, ya yi ta kame-kame, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Yana gina ɗaki biyu, iyalinsa kuma na tsoron ɓarayi.

"Baba, kada ka ga rashin ta-ido. Amma abin da na gani ranar nan, tifa guda ta ja ƙarfe bai motsa ba, wallahi irinsa nake so."

Baba ya daɗe yana kallon sandunan waldar da ke cikin gwangwani.

"Je ka wurin yaran bakin titi," ya ce. "Nasu yana ɓallewa."