Sifirin Keken Saja Kefas

Saja Kefas ya bar aikin soja a farkon shekarar 2004, ya dawo gida Zuru da akwatin ƙarfe, da ciwon baya da ya samo lokacin da motarsu ta kife a Saliyo, da kekuna biyu da ya saya a gwanjon Legas. Ba a taɓa ganin irinsu a unguwar ba. Tayoyinsu masu kauri ne, ga giya bila adadin, ga sifirin a ƙafar gaba, ga wani gajere mai kauri a ƙarƙashin wurin zama. In ka hau sai keken ya lotsa, in ka sauka ya miƙe.

Ɗaya ya riƙe, ɗayan ya sayar wa maƙwabcinsa Lukuman, mai sarin ƙwan zabi a ƙauyukan kan tudu. Tun daga ranar gardama ba ta ƙare tsakaninsu ba, kuma yawanci a rumfar Philip mai gyaran keke ake yin ta.

"Saja, wanga keke naka macuci ne," in ji Lukuman. "In kana hawan tudu, kana taka feda yana rawa. Rabin ƙarfinka sifirin ka shanye shi. Ba kariyar ɗora kaya, ba inda za a ɗaura ta. Kwando guda nike goyawa ga baya kamar mai jego. In an yi ruwa kuwa, taɓo har ƙeya."

"Ka taɓa saukowa daga dutse da shi?" in ji Kefas. "Tsakuwa, saiwa, rami, duk yana haɗiye su. Ni da ba na iya zaman mota na awa guda, kana gani ina wuni a kansa."

Philip bai cika sa baki ba. Sau ɗaya dai ya ɗago kai daga facin da yake yi ya ce, "Ku yi ta musu. Ranar da wani abu ya karye a jikinsa, kada wanda ya zo mini. Ko kusoshinsa sifanata ba ta kama su."

Kefas mutum ne da ba ya iya zama. Shekara ashirin da biyu ana cewa ya tashi ya tafi, yanzu ba mai cewa komai. Yakan share tsakar gida, ya gyara dangar da bai daɗe da gyarawa ba, ya kunna rediyo ya kashe. Matarsa Saloma takan ce ko kujerun gidan sun gaji da shi. Rana ɗaya ce a mako hankalinsa yake kwanciya, Alhamis. Ranar yakan ɗauki gishiri da sabulu da man zafi, ya bi hanyar Dabai, ya ratse ya hau duwatsu zuwa wani ɗan ƙauye mai gidaje tara. Can mahaifiyar Abel take. Abel abokinsa ne, tare suka shiga soja, kuma a motar nan da ta kife ya rasu. Kefas yakan yi wa tsohuwar noma kaɗan, ya duba jinkar rumbunta, su zauna su yi taɗi da yarensu na Dakarci, ya juyo kafin la'asar.

A tsakiyar watan Yuli, yana saukowa daga can, ya ji ƙas a ƙarƙashinsa. Keken ya zauna, tayar baya ta manne da ƙarfe. Sifirin ɗin baya ya tsage biyu. Turo shi ya yi har gida, yana tafe yana tsayawa yana dafe ƙugu.

Philip ya juya guntayen a hannunsa ya girgiza kai. Walda ba za ta riƙe ba. Ya gwada na babur, ya yi tsawo. Aka aika Kontagora da direban mota, ya dawo hannu banza. Aka ce a gwada Sakkwato, can ma shiru.

Alhamis ta farko Kefas ya hau kabu-kabu. Kafin su wuce Dabai ya ce wa mai babur ya tsaya, ya sauka ya kwanta a gindin wata ɗorawa, gumi na keto masa. Kwana biyu ya yi bai iya sunkuyawa ya ɗaura takalmi ba. Alhamis ta biyu ya ce zai tafi a ƙafa, Saloma ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baban Glory, in ka faɗi a cikin duwatsun nan wa zai ɗauko ka? Ni?"

Ya nemi wanda zai aika, bai samu ba. Damina ce, kowa na gona, mutanen ƙauyen ba sa saukowa. Sai ya koma zagaye gida. Ya wanke mataccen keken, ya shafa wa sarƙa mai, ya jingine shi, ya dawo ya sake juya shi. Abinci ma a tsaye yake ci.

Da ya rasa yadda zai yi, ya shiga gidan Lukuman. Ya tarar da shi yana jera ƙwai a kwando, yana sa ƙaiƙayi tsakaninsu.

"Malam Lukuman, kullum kana kuka da sifirin nan. Ka ba ni shi. Philip ya ce zai sa maka ƙarfe a wurin, ya haɗa maka kariya. Ka huta da goyo."

Lukuman ya ci gaba da jera ƙwai. Can ya ce, "Saja, ai magana ce. Tun da na fara hawan wanga keke, ƙwai nawa ka ji na ce sun fashe? Da tsohon kekena kullum sai na zubar da goma, sha biyar. Yanzu ko ɗaya. Kuma yanzu ne zabi ka yin ƙwai. In na cire shi, mi ya rage?"

"To aro fa? Ranar Alhamis kawai."

"Alhamis nike zuwa wajen Mahuta, ka sani. In ban je ba wani ya kwashe."

Kefas ya juya ya fita. Kwana takwas ba su gaisa da kyau ba. In sun haɗu a rumfar Philip, Lukuman ba ya ƙara kushe keken, Kefas kuma ba ya zama.

Ranar Asabar ta mako na huɗu, da hantsi, Kefas yana tsakar gida yana kaiwa da komowa, sai ya ji Saloma ta yi salati a waje. Ya leƙa. Tsohuwa ce tsaye da sanda, zanenta jiƙe har gwiwa, ƙafafunta duk taɓo, ta rataya ƙaramin ƙunshi a kafaɗa. Mahaifiyar Abel ce. Tun asuba ta taso, ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidan.

Ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta kama hannunsa ta matsa, ta taɓa fuskarsa, sannan ta zauna a ƙasa duk da tabarmar da Saloma ta shimfiɗa.

"Na ce bari in zo in gani da idona," ta faɗa da Dakarci. "Wancan ma haka ya yi. Wasiƙa ta daina zuwa, ba wanda ya gaya mini komai sai bayan wata biyar."

"Mama, keke ne ya lalace. Keke kawai."

"To, na gani."

Ta kwance ƙunshin. Gyaɗa ce da ɗan barkono, ta kawo ko da za ta tarar ana zaman makoki. Saloma ta juya ta shiga madafa da sauri. Kefas ya durƙusa duk da bayansa, ya jawo kwanon ruwa ya fara wanke mata ƙafafu. Wani dutse ya yanke ta a diddige.

Katangar da ta raba gidajen biyu gajeriya ce. Lukuman yana tsaye a bayanta da buta a hannu. Ba ya jin Dakarci sosai, amma ya ji abin da ya ishe shi. Ba a jima ba suka ji ƙarar sarƙa, ya fita da kekensa.

Da azahar Philip ya zo da kansa, riƙe da sifirin a cikin tsumma, Lukuman na biye da shi yana faɗa.

"Ka ɗaura shi da kyau hwa, kar ka kashe mini kusa. Saja, ga shi nan. Ba don ina son ka ba. Dama abin ya ishe ni, hawan tudu kamar ana ja na baya."

"Ƙwan fa?" in ji Kefas.

"In ƙara ƙaiƙayi. Kakannina da suka yi sana'ar ga, sifirin gare su?"

Ya durƙusa ya gaida tsohuwar, ta amsa da 'yar Hausarta, ya fita yana ce wa Philip kariyar ta zama mai faɗi.

Kwana uku ta yi a gidan har diddigen ya kame. Ranar Talata Saloma ta samo mata wuri a motar da ke zuwa Dabai, Kefas ya bi su a keke. Daga inda mota ta ajiye ta suka hau duwatsu tare, tana gaba da sandarta, yana baya yana tura keken da kayanta rataye a kai. Sau huɗu suka huta. Da suka isa ya tarar ciyawa ta cinye mata dawa, ya ɗauki fartanya ya yi kunya shida kafin bayan ya hana shi.

A hanyar dawowa ya haɗu da Lukuman a mararraba, kwanduna uku ɗaure a sabuwar kariya, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da mara lafiya.

"Nawa suka fashe?" Kefas ya tambaya.

"Bakwai," in ji Lukuman. "Amma kwando uku na ɗauko. Matsa mini hanya, Saja, hadari na tahe."