Jan Ƙyallen Baba Tela

Shinkafa, ganyen shayi, maganin hawan jini, batirin rediyo, baƙin zare. Cefanen mako ke nan da Malama ta hau bene da shi. Ta ajiye a ƙofar maƙwabcinta, Baba Tela, ta ƙwanƙwasa, ta ja da baya yadda hukuma ta ce saboda annoba.

"Baba, ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, 'yata," ya amsa daga ciki. "Kun dai mayar da ni kura: a ajiye abinci a ruga."

Ya yi dariya, dariyar ta zarce da tari. Malama ta kai hannu kan ƙofar. Ita ke yi wa gidan duka cefane. In da mai kawo masa cutar, ita ce. Ta janye hannun.

"Zaren fa, ɗinkin me kuma?"

"Ɗan gyara ne. Sauka abinki."

Tun da annoba ta shigo aka hana shiga wurin tsofaffi. Mutanen gidan suka tsara nasu: kowane tsoho ya rataya jan ƙyalle a tagarsa da safe, ya cire da yamma. An ga ƙyalle, an kwana lafiya ke nan. Baba Tela ne ma ya yanka ƙyallayen.

Kullum da safe Malama kan ɗaga kai daga tsakar gida. Ƙyallen na nan. Da yamma ba wanda ya taɓa dubawa.

Da mako ya zagayo ta ƙwanƙwasa, shiru.

Ma'aikatan lafiya suka zo cikin fararen kaya, suka ɓalle ƙofar, suka fita da gawarsa. Ba a bar kowa ya raka ba.

Bayan an yi feshi ta shiga, mai gadin gidan na biye da ita. Shinkafar na nan, ko kwance ƙullinta ba a yi ba. A taga ta tarar da ƙyallen ɗinke a jikin ƙarfe da baƙin zare, ɗinki sumul, irin na gwani.

"Tashin ne ya gagare shi," in ji mai gadi. "Bai so ya tayar mana da hankali ba. In yanke?"

"Bar shi."

Suka fito, ta jawo ƙofar ta rufe.

"Daga gobe babu ƙyalle," ta ce. "Kowane tsoho zai buɗe ƙofa in ga fuskarsa, ko daga nesa ne."

Da ta sauka tsakar gida ta ɗaga kai. Iska na kaɗa jan ƙyallen a hankali.