Gida Huɗu a Takardar Kamila

Saƙon ya riski Maiwada a kasuwar Aziziya, can ƙasar Larabawa, kwandon tumatir a kafaɗarsa. Muryar ƙanensa Basiru ce daga Funtua: mahaifiyarsu Hajiya ta cika, za a kai ta bayan azahar. Wata biyu ke nan yana bin kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya sa masa hannu a takardar izinin fita ya je ya duba ta, kullum amsar ɗaya ce, bukra, wato sai gobe. Ya mayar da wayar aljihu, ya ci gaba da sauke kaya, don motar ba ta san an yi mutuwa ba.

Da la'asar ya shigo gida bai gaya wa kowa ba. Ya tarar da 'yarsa Kamila ta baje littattafai a falo. Ita ce 'yar lelen Hajiya, duk Juma'a sai sun sha hira ta waya.

"Baba, taimake ni da wajib ɗin nan, aikin gida da aka ba mu a makaranta."

Shi da Turancinsa bai wuce na farashi ba! Amma ya zauna. Littafin wata Bayahudiya ce da ta tsira daga sansanin 'yan Nazi, ta rubuta abin da idonta ya gani. Malamarsu ta ce a ja gida huɗu: rikicin mutum da mutum, mutum da hukuma, mutum da sanyi da yunwa, sai mutum da zuciyarsa. Kowane babi sai an sama masa gida, kamar masu ware albasa.

"Duka na gama, illa wannan. An sa ta ware tufafin waɗanda aka kashe. Sai ta ci karo da mayafin uwarta, ta gane shi da ɗinkin da ita da kanta ta yi. Ta ninke, ta ɗora a kan tarin, ta ɗauki na gaba. Khalas, shi ke nan. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa da kowa ba. To ina rikicin?"

Maiwada ya ƙura wa shafin ido. Ya san bai kamata ya haɗa kansa da matar nan ba. Shi ba a kashe masa kowa ba, ba wanda ya tsare shi da bindiga. Duk da haka kunya ta rufe shi, ga baƙin cikin da ya rasa inda zai ajiye.

"Sa a na huɗu," ya ce.

"Ka tabbata? Ai ba ta yi komai ba."

"Na tabbata."

Ta rubuta, ta rufe littafin tana murmushi, ta miƙo hannu.

"Ba ni wayarka in kira Hajiya, in gaya mata yau ɗanta ya zama malamin Turanci."

Hannunsa yana kan aljihun. Ya kasa ciro wayar, ya kuma kasa cewa a'a.