Takardar Musaya ta Ranar Jibrilu

Idan mutum ya san inda gini zai tsage, ya ja bakinsa ya koma gefe yana kallo, shi ya rusa ginin, ko wanda ya ƙwace shi daga hannunsa? Na daɗe ina juya wannan tambaya ban sami amsa ba. Ban kuma jin Endale ya samu a safiyar Juma'ar nan da yake jera laimomin da fasinjoji suka manta a jirgin ƙasa, Gash Mulatu na tsaye a bakin ƙofa da takarda a hannu.

"Karɓi mana, ɗana. Hannuna ya gaji."

"Kai wa Injiniya, Gashe. Ni yanzu sarkin laima ne. In ka yar da hularka a jirgi ka zo, zan nemo maka."

Gash Mulatu, wato Baba Mulatu a yarensu, dattijon direban jirgi ne, shi ya koya wa Endale tuƙi shekara tara da suka wuce. Daga baya Endale ya koya wa kansa aikin kwamfuta, ya kwashe shekara uku yana haɗa manhajar da ke nuna inda kowane jirgi yake a birnin Addis, da minti nawa ya rage ya iso tasha. A sarari abin ba wuya, tauraron ɗan'adam na ganin jirgi. Amma da zarar ya shiga ramin ƙarƙashin ƙasa, sai dai manhaja ta dubi katin da direba ya saka, ta dubi jadawali, ta ce ai wannan jirgin wane ne, kudu ya nufa.

A nan matsalar take. Direbobi ba sa bin jadawali. Ranar Mala'ika Jibrilu ta kowane wata, Musulmi ke riƙe wa Kiristoci jirgi da safe su je coci. Ranar Juma'a kuma Kiristoci su riƙe wa Musulmi da rana. Doka ta ce a cika takarda mako guda kafin musaya, wanda ya saɓa kora ce. Ba wanda ya taɓa cikawa. Gash Mulatu ne ke rubuta sunaye a ɓoye, Endale ya shigar da su da hannunsa, allo ya faɗi gaskiya, kowa ya yi ibadarsa.

Sai aka kawo Injiniya Yared da digirinsa na ƙasar waje, aka damƙa masa manhajar. A taron da manya suka tambayi wa ya yi aikin, ya ce, "Muna da wani direba da ke taya mu buga rubutu." Aka yi dariya. Ranar Litinin aka mayar da Endale ofishin kayan tsintuwa, wai ba shi da takardar shaida. Yau kuma za a buɗe sababbin allunan tasha a gaban manyan gari. Yau Juma'a ce, kuma ranar Jibrilu.

"Ai ba su rufe maka hanyar shiga manhajar ba," in ji Gash Mulatu. "Minti biyar ne."

"Na sani."

"To, in ba ka saka ba fa?"

"Allo ya yi ƙarya. Ba jirgin da zai daki wani, fitilun hanya daban suke. Na duba."

"Mu nake tambaya. Mutum goma sha huɗu ne a takardar nan."

"Ba mai ganin ku. Injiniyan nan ko inda ake dubawa bai sani ba."

Dattijon ya ninke takardar ya cusa a aljihun riga. "Kan nan naka tun kana tuƙi haka yake, ba birki. Bari in je in roƙa maka Jibrilu."

"Roƙa wa Injiniya. Shi zai buƙata."

Da rana ta take, Endale ya kulle ofis, ya sayi gasasshen sha'ir a ƙullin takarda, ya sauka tashar ƙarƙashin ƙasa ya sami benci a can ƙarshe. An yayyafa ɗanyar ciyawa a ƙasa kamar ranar biki. Ga manya cikin kwat, ga masu ɗaukar hoto, ga Yared yana nuna allo da yatsa yana bayani. Aka yanke ƙyalle, aka tafa. Allo ya kama da wuta, ya ce jirgin kudu saura minti biyu.

Minti biyu suka cika. Ba jirgi. Allo ya ce ya iso, murya ta ce a matsa daga bakin ƙofa, mutane suka ja baya saboda jirgin da ba ya nan. Wani ya yi dariya. Can sai ga jirgi ya fito daga rami a ɗaya gefen, wanda allo bai san da zamansa ba. Murya ta ce arewa ya nufa, jama'a suka dunguma ciki, ya ja su ya yi kudu da su. Wata mai kwandon albasa da ta rasa shiga ta tsaya gaban manyan nan ta ɗaga murya.

"Da can aƙalla mun san ba mu sani ba! Wannan ne kuka tara mu mu gani?"

Endale yana tauna sha'ir ɗinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ga daraktan jiragen ya sunkuya ya faɗa wa Yared magana a kunne, ya ga wuyan Yared ya jiƙe har kan kwala. Ya yi zaton daɗin zai zo ya wuce. Bai wuce ba. Ya zauna masa a ƙirji daram, kamar gahawar farko bayan azumi. Da za a tambaye shi a wannan lokaci ko ya yi nadama, da ya ce a ƙara masa awa guda.

An kusa rabin awa kafin Yared ya hango shi. Ya taho da ƙaramar kwamfuta a hammata, ya tsaya a kansa.

"Ato Endale," in ji shi, wato Malam Endale.

"Yau kuma Ato ne? Laimarka ce ta ɓace, ranka ya daɗe?"

"Ka san abin da ke faruwa."

"Ni? Direba ne ni. Rubutu nake bugawa."

Yared ya zauna a bencin, ya buɗe kwamfutar ya juya masa ita. Sunaye ne a jere, kowanne da lambar katinsa, a gefe kuma sunan wanda jadawali ya ce shi ke kan jirgin. Mulatu a wurin Shemsu. Shemsu a wurin Mulatu tun da safe. Goma sha huɗu cif.

"Ban san dalili ba," in ji Yared, "amma na iya karatu. Darakta ya ce kafin baƙi su gama cin abinci yana son jin wa ya yi laifi. Ga su nan."

Endale ya ajiye ƙullin sha'ir ɗin a kan benci. A duk lissafin da ya yi na kwana huɗu, abu ɗaya ya ɗauka tabbas, cewa mutumin nan jaki ne. Ashe mugu ne kawai.

"Sallah suka je. Da coci. Shekara da shekaru haka ake yi, jirgi bai taɓa tsayawa ba."

"Ba ruwan darakta da wannan. Suna yake so."

"To, ba shi naka. Kai ka ce aikinka ne. Tashi ka ce kuskurenka ne, ni kuma in gyara maka yanzu."

Yared ya yi murmushin da ba daɗi a ciki. "Ni ba zan faɗi haka ba, kai ma ka sani. Abin da zan iya cewa shi ne manhajar ce ke da aibi. Sai in rufe wannan shafin, ba wanda ya gan shi."

"Manhajar wa?"

"Taka mana."

"Yau ta zama tawa?"

"Zaɓi ɗaya, Ato Endale. Kai ɗaya ko su goma sha huɗu."

Endale ya dubi allo. Har yanzu yana rantsuwa cewa jirgi ya iso. Shekara uku yana jiran ranar da za a kira sunansa a gaban darakta a kan wannan aiki, ga ta ta zo. Ya so ya tofa wa mutumin yawu a takalmi. Ya so ya bar komai ya ƙone, ya ga ko Yared zai iya tafiyar da jirage ba direbobi. Sai ya tuna Gash Mulatu ya haura sittin, ba inda za a sake ɗaukarsa.

"Goge shafin a gabana."

"Sai allo ya gyaru."

"Allah ya isa tsakanina da kai, Injiniya."

"Na ji. Yi sauri."

Iska mai zafi ta fito daga rami, jirgi ya biyo ta. Ba sai ya dubi allo ba, ya san jadawalin Shemsu ne, ya kuma san wa ke riƙe masa. Ya tashi ya taka har gaban jirgin, ya ƙwanƙwasa tagar direba. Gash Mulatu ya zuge gilashi, da farin mayafin coci har yanzu a kafaɗarsa.

"Sarkin laima! Hulata na nan a kaina, me ya kawo ka?"

"Gashe, ba lokaci."

"Daƙiƙa talatin gare ni a tashar nan, kai ka rubuta haka. Ka ƙoshi?"

"Ban ƙoshi ba," in ji Endale, ya miƙa hannu. "Ba ni takardar."