Jinin Cibiya

Miriyam ta shimfiɗa takardar neman izinin ɗibar jini a kan cinyarta, ta buɗe ɗan gwangwanin tawada ta miƙa wa yayanta. Lazaru ya goge babban yatsansa a jikin wando har sau biyu, amma ƙasar gona ta ƙi barin tsagar fatarsa. Yana tsakiyar noma da hantsi aka je aka ce naƙuda ta kama matarsa Jumma. Bai ko wanke ƙafa ba ya tare motar kasuwa, ya sako ta ita da tsohuwarsu daga Kona zuwa ɗakin haihuwa na Tasawa, domin haka ƙanwarsa ta roƙa tun watanni: kada a haihu a gida.

"Ina zan dangwala?" in ji shi.

"Nan ƙasa, Yaya."

A Kona Likita ake ce wa Miriyam, alhali ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. Aikinta a Yamai yake, a wani ɗakin bincike, tsakanin kwalabe da madubin da ke ƙara girman abu. Shekara huɗu ke nan tana bin tambaya guda. A cikin ɓargon mutum akwai wasu ƙwayoyi da su ne uwayen jini, daga gare su duk jinin jiki yake fitowa. A ƙasashe masu hali ana ɗaukar irinsu daga mai lafiya a dasa wa mai amosanin jini, wani ya warke, wani kuma garkuwar jikinsa ta tashi ta yaƙi baƙin. Dalilin wannan yaƙi take nema. Irin ƙwayoyin nan suna da yawa a jinin da ke saura cikin cibiyar jariri, kuma wanda ya fi mata amfani shi ne na jaririn da yayansa ko yayarsa ke da ciwon. Samun irin wannan da wuya. Ƙarshen watan nan za a rufe karɓar jini, kuma shugaban ɗakin ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa abin da ta tara bai kai a amince da sakamakonta ba, sai ta ƙara ko da guda.

Gudan kuwa yana bayan ƙofar nan, a cikin matar yayanta. 'Yarsu ta fari, Rhoda, shekararta bakwai, kuma tun tana rarrafe ciwon yake murɗa mata ƙashi.

Ranar da Miriyam ta fara kawo maganar a waya, cewa ta yi, "Domin masu ciwo irin na Rhoda ne." Ba ƙarya ta yi ba. Amma ta ji yadda numfashin yayanta ya sauya, ta gane abin da ya ɗauka, ta kuma yi shiru. Mai ilimi ya iya irin wannan shirun fiye da kowa.

Lazaru ya danna yatsa a tawada, ya ɗaga shi yana dubawa yana murmushi.

"Kin san ran Lahadi na tashi na ba da shaida a majami'a? Na ce, jama'a, ku taya ni godiya. Hatsin da Baba ya hana bakinmu ya sa Miriyam lakwal ta yi boko, ga shi ya tsiro. Fasto da kanshi ya tada waƙa. Har suna na yanke, Elisha, tunda da warkarwa ya taho."

Inna, mahaifiyarsu, tana zaune a ƙarshen bencin da ƙwarya mai faifai a gabanta. Ita ce za ta karɓi mabiyiya ta wanke, ta koma da ita Kona ta binne a bayan ɗaki, kamar yadda ta binne ta kowane jika. Ta ce, "Ni dai ban so a taɓa abin da ƙasa ke jira ba. Don Rhoda na yarda."

"Jinin kawai za a ɗiba, Inna. Sauran naki ne."

"Haka kika ce."

Lazaru ya ci gaba, farin ciki ya sake masa baki. "Jiya da ƙafar ta tashi ina matsa mata, na ce ki yi haƙuri ɗiyata, ƙanenki na tahe da maganinki. Shi ya sa ma wata biyun ga ban bari an kai ta asibitin Maradi ba. Mi za a je yi? A sha rana a layi, a ba ta ƙwayoyin da ba su kashe ciwo, alhali ga na gaske a hanya?"

Miriyam ta ɗago kai. "Wata biyu ba ta je ba?"

"Uku za a shiga."

"Maganin da take sha kullum fa?"

"Ya ƙare tun kafin shuka."

Yatsan nasa yana saukowa kan takardar. Abin da ya rage bai fi faɗin tafin hannu ba. Miriyam ta ga shekara huɗunta a wannan ɗan tsakanin: tashin asuba, wutar da ke ɗaukewa ta lalata aikin mako guda, auren da ta ce a dakata, abokan karatunta da suka tafi Turai suna aiko mata hotuna. Ta ga kuma idanun Rhoda da safiyar nan, da suka yi ɗorawa, waɗanda ta kalla ta kau da kai don tana sauri. Ta ce a ranta, bari ya dangwala, gobe na yi masa bayani a hankali. Ta san kuma goben nan ba za ta zo ba, domin wata biyar ke nan tana ɗaga ta.

Ta janye takardar. Yatsan ya sauka a kan zanenta, ya bar shuɗin tabo.

"Yaya, tsaya. Jinin nan ba zai warkar da Rhoda ba."

Ya dube ta kamar ta yi wani yare.

"Ba magani zan haɗa da shi ba. Yamai zan kai shi in yi bincike. Zan raba shi a ƙananan kwalabe, in gwada, in rubuta abin da na gani, shi ke nan ya ƙare. Ko ɗigo ba zai dawo Kona ba."

"Amma ke kika ce ana dasawa a warke."

"Ana yi, a nesa. Ba aikina ba ne, ba ni da ikonsa, kuma ba wannan takardar ke kai mutum can ba. Abin da nake yi wataƙila ya taimaki masu dasawar nan gaba. Wataƙila shekara goma, wataƙila ashirin. Wataƙila kuma ya zama ban gano komai ba."

"Shekara ashirin," in ji Lazaru a hankali. "Rhoda na da shekara ashirin a hannu?"

Miriyam ta ninke takardar biyu.

"Tun yaushe kika san haka?"

"Tun farko."

"Kuma kin san abin da ni na ɗauka?"

"Na sani."

Inna ta ja ƙwaryarta kusa da ƙafarta. Wata mata da ke jiran awo a bencin gaba ta juya musu baya don kunya, kunnenta kuwa yana nan.

Lazaru ba mai ɗaga murya ba ne. Ya sa yatsan a ƙasa yana murzawa cikin rairayi har shuɗin ya dushe. "Na tsaya gaban jama'ar Ubangiji na yi ƙarya da bakina, ke kika sa mani ita. Wannan da sauƙi, sai in tashi in ce na yi kuskure, su yi dariya su gama. Amma yarinyar fa? Ni zan koma in ce mata mi? Kwana uku kina gidana, kina cin tuwona, tana kiranki Gwaggo Likita tana nuna maki inda ke mata zafi."

"Na yi laifi, Yaya. Tsoro na ji kada ka ƙi."

"To da kin bar ni na ƙi. Ai ƙin nawa ne."

Ƙofar ta buɗe, ungozomar asibitin, Madam Jamila, ta leƙo da safar hannu. "Dokta, kai ya sauko. In za ki ɗiba ki shigo yanzu ki shirya, kin san jinin cibiya ba ya jiran kowa. An sa hannu?"

Miriyam ta dubi yayanta. Ya harɗe hannuwansa ya matse su tsakanin gwiwoyi, idonsa a kan bishiyar dogon yaro da ke tsakar gidan.

"Ɗana ba abin gwaji ba ne," ya ce.

"Ku ci gaba, Madam," in ji Miriyam. "Ba za a ɗiba ba."

"Bayan duk kiran da kika dame ni da shi?" Madam Jamila ta taɓe baki, ta mayar da ƙofa.

Suka zauna su uku, kowa da inda yake kallo. Hadari yana haɗuwa ta gabas, iska ta fara kaɗa zannuwan da aka shanya a kan katanga. Miriyam ta san lissafin ba sai ta duba agogo ba: daga yanke cibiya, 'yan mintuna ne jinin ya daskare. Da kukan jaririn ya fito, siriri mai kaifi, Lazaru ya sunkuyar da kai yana addu'a. Ita kuwa ta zauna tana jin mintunan suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ta yi zaton in mutum ya faɗi gaskiya yakan ji sanyi a ransa. Ba ta ji ba.

Aka kira Inna ta shiga da ƙwaryarta. Can ta leƙo, fuskarta ta ɗan saki. "To, mai shaida, Elisha ya zo mace. Sai ka sake suna." Ta juya ga Miriyam. "Ke, uwar na kiranki."

Jumma tana kwance, gumi ya jiƙa ɗankwalinta, jaririyar a ƙirjinta. Mace ce mai tsokana, ko yanzu ba ta fasa ba.

"Likitar da ba ta allura. Ina kika tsaya? Na yi ta duban ƙofa. Kin ɗiba?"

"Ban ɗiba ba."

"Don mi?"

Miriyam ta tsaya a gefen gadon ta sake faɗin abin da ta faɗa a waje, kalma bayan kalma, ba ta rage wa kanta komai ba. Jumma ta saurara har ƙarshe, ta rufe ido, ta buɗe.

"Wannan ai na sani."

"Kin sani?"

"Wa ke kai Rhoda Maradi, ni ko yayanki? Zuwanmu na ƙarshe na tambayi likitan can, ya ce mani bincike daban, magani daban. Na dawo na gaya ma yayanki, ya ce ƙanwarshi ta fi su karatu. Wata biyu muna wannan rigima. Da kika zo na ce to, ga mai maganar, za ta zaunar da ni ta faɗa da bakinta. Sai na ga kullum da shi kike ƙus-ƙus a zaure, ni kuwa sannu da jiki, sannu da jiki."

Miriyam ta sunkuyar da kai don kunya.

"Mu fiye da talatin muke zama a layin asibitin Maradi," in ji Jumma, muryarta ta yi ƙasa don gajiya. "Akwai wata daga Attantane, uku ta binne, tana goye da na huɗu. In jinin da za a zuba a rami zai amfani jikokinta, mi zan yi da shi? Cikin nawa ne, cibiyar a jikina take. Da kin tambaye ni, da na ce ki ɗiba."

A kusurwar ɗakin Inna ta riga ta rufe ƙwaryar da faifai, tana ɗaure ta da tsumma.

Ruwa ya fara sauka a kan kwanon rufi, ɗigo ɗaya-ɗaya, sannan gaba ɗaya.

"Gobe za ki koma Yamai?" Jumma ta tambaya.

"Haka na shirya."

"Ran Talata suke ganin masu ciwon a Maradi. Ni ba ni iya tashi, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya je ba."

Miriyam ta jawo kujerar ƙarfe ta zauna, ta miƙa hannu ta gyara wa jaririyar zanen da ya zame.

"Ina katin Rhoda na asibiti yake?" ta ce.